Wadanni Dubu Goma, Ina Iyayensu Mata?

Haba marubutan almara, daga ina kuke kwaso wadannin nan, gajerun mayaƙa mazauna kogon dutse da ke cikin labaranku? Kowane yaƙi a karkashe dubu goma, baɗi kogon dutse ya sake cika maƙil, ba mai ciki, ba mai goyo, ba ungozoma! A wajen Tolkien, marubucin littafin The Lord of the Rings, mata ba su wuce kashi ɗaya cikin uku na wadanni ba, ke nan sai kowace ta haifi uku kafin a samu 'ya mace guda, wasunsu ma ba sa aure! Elfawa kuwa, wato wasu halittun almara masu kama da mutane, ciki shekara guda cur, yaro sai ya shekara 50 kafin ya kawo ƙarfi. Amma kuna ta zubo su kamar fara! Shuka su kuke yi? Ko a maƙera ake ƙera jariran?