Ba Sai An Taɓa Ta Ba

A garejin Suame Magazine da ke Kumasi, mutane da dama na ganin in ba a kai wa mace hannu ba, to babu cin zarafi, wasan maza ne kawai. Masu wannan ra'ayi ba mugaye ba ne, haka suka taso suka tarar.

Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003 ba haka ta ce ba. Nacin neman mace da maganar da ba ta so, daga maigida ko abokin aiki, cin zarafi ne.

Ga mai walda riƙe da ƙarfe ja zur, wani ya tsaya bayanta yana yaba jikinta. Hankalinta ya rabu, kuma nan ake ƙonewa. Wannan ya fi damuna.

Macen da hakan ya same ta, ta rubuta rana, lokaci, abin da aka faɗa da wanda ya ji. Kada ta goge saƙon WhatsApp. Ta kai ƙara a rubuce, ta riƙe kwafi, don ƙarar baki saurin musantawa gare ta. In maigida ya yi biris, akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Ghana. In an taɓa ta, sai sashen 'yan sanda na DOVVSU, mai kula da rikicin cikin gida da tallafa wa waɗanda aka ci zarafinsu.