Sau Biyu Nake Biyan Kuɗin Maganin 'Yata

Ƙarfe biyu na dare ciwon ya tayar wa 'yata. Duk mai ɗan sikila a gida ya san wannan kukan, kukan wanda yake ji kamar ana sara masa ƙashi da gatari. Shekararta tara. Ta dunƙule a kan tabarma tana cewa, "Baba, ƙafata. Baba, bayana." Uwarta ta goya ta duk da girmanta, ni kuma na buga wa maƙwabcina mai adaidaita sahu ƙofa, muka nufi asibitin da aka rubuta a katinmu na inshora.

Na saka katin nan a aljihu da ƙwarin gwiwa, domin ni malamin makaranta ne, kuma kowane wata sai an yanki wani abu daga albashina da sunan taimakekeniyar lafiya. Albashi yakan yi jinkiri, ƙarin girma yakan maƙale shekara da shekaru, kuɗin hutu mun daina ma sa rai da shi, amma wannan yankan bai taɓa tsallake wata ɗaya ba.

Muka tarar babu wuta. Da fitilar waya nas ta nemo jijiyar yarinyar, sannan ta yagi takarda ta rubuta min: ruwan ƙari leda biyu, kanula, sirinji, safar hannu, filasta, allurar kashe zafi. Na miƙa mata katin, na ce, "Sista, ai muna da inshora." Ta dube ni da tausayi ta ce, "Na gani, Malam. Ɗakin maganin 'yan inshora sai ƙarfe takwas ake buɗewa, kuma ko an buɗe ba za ka samu waɗannan ba. Ka yi sauri, kemis ɗin tsallaken titi a buɗe yake." Ina gudu a cikin duhu, ina jiyo ihun 'yata har bakin ƙofar asibiti. Wallahi ban taɓa jin ɗacin zuciya irin na wannan daren ba. Mai kemis bai ko karanta takardar har ƙarshe ba, ya riga ya haddace abin da ake turo mutane saye.

Da safe aka auna jininta aka ce ya yi ƙasa ƙwarai, sai an kai ta babban asibiti an yi mata ƙari. To, ba a tura mai inshora gaba sai an samo lambar izini daga ofis. Aka kira, ba a ɗauka ba. Aka sake kira, aka ce mai bayarwa bai shigo ba. Yarinya kwance, leɓenta ya yi fari fat, idonta ya yi rawaya, ana jiran lamba! Da azahar ta wuce na haƙura da katin, na ce a rubuta mu cikin masu biya da kansu. Nan take aka ba mu takardar tafiya. Ƙanena ya ba da jini, duk da haka sai da na biya kuɗin leda da na gwaji. Adashen uwargida da muke jira don kuɗin haya, a kwana uku ya ƙare.

Ban ga laifin nas ɗin nan ba, ko kaɗan. Ita kaɗai ce a kan marasa lafiya cike da ɗaki, kuma ta tsaya a kan 'yata har asuba. Laifin yana can sama, wurin masu tsara lissafin. Ga yadda abin yake: asibiti ba a biyansa gwargwadon maganin da ya ba ka a matakin farko, ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi ne a kan kowane mutum duk wata, ko ka zo ko ba ka zo ba. A tsarin tarayya an shafe sama da shekara goma wannan kuɗin yana naira 750. Naira 750 a wata! Sai a 2024 aka fara taɓa shi, bayan farashin komai ya riga ya ninka. Ko wannan ɗan kuɗin ma asibitoci na kukan ba ya zuwa a kan kari. Me kake tsammani mai asibiti zai yi? Zai ajiye wa ɗan inshora farasitamol da maganin maleriya mafi araha, sauran kuma ya ce babu. Shi ya sa katin da aka ce zai kare mutuncinka shi ne yake mayar da kai ƙarshen layi. A ƙa'ida kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani kawai mai inshora zai biya. Amma kashi 10 na maganin da babu shi a kanta, ina amfaninsa?

A waje kuma wuta ake sayarwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Mafi yawan magungunan da muke sha daga waje ake shigo da su, waɗanda ake haɗawa a nan ma sinadaransu daga Indiya da Sin suke zuwa. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da naɗe tabarmarsa bayan ya haura shekara 50 a Najeriya, masu asma da ke shaƙar Ventolin da masu neman Augmentin sun san abin da ya biyo baya. Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin ɗauke haraji daga kayan haɗa magani a watan Yunin 2024, na ji a rediyo kamar kowa, amma ni dai a kemis ɗin unguwarmu ban ga sauƙin ba. Mai sikila kullum sai ya sha maganinsa, ba hutu, ba ranar Juma'a, ba ranar Sallah. A albashi mafi ƙaranci na naira 70,000 mutum zai ci abinci, ya biya haya, ya sayi wannan?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne dokoki ba su yi mana kaɗan ba. A Abuja, a ƙasarmu, shugabannin Afirka suka taru a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya. Mu masu masaukin baƙi har yau kasafin tarayya yana yawo ne tsakanin kashi 4 zuwa 6, kuma abin da aka rubuta ma ba duka ake saki ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci da talakawa, sai a 2018 aka fara saka shi a kasafi. Wannan dokar dai ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Ku je ɗakin gaggawa da dare ku ga ko ana taɓa mutum kafin ya sayo safar hannu. A watan Mayun 2022 aka yi sabuwar doka, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta koma NHIA, aka ce inshorar lafiya ta zama tilas a kan kowa. Amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya yake fita. Ni da nake da kati ke nan. Ina ga manomi a ƙauye, ina ga mai tallar ƙosai da ba ta taɓa jin sunan inshora ba? A gadon da ke kusa da namu na ga wani dattijo ya kwance wa jikansa ruwa ya saɓa shi a kafaɗa suka tafi gida, domin kuɗin da ya zo da su sun ƙare. Ya ce min, "Ɗana, sai dai mu koma ga na gargajiya."

Likitocin ma tafiya suke yi. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar a 'yan shekarun nan. Suna Ingila, suna Saudiyya, suna Amurka. Masu mulki kuma in kansu ya sara sai su bi su can, shi ya sa ba su san yadda ake neman jijiya da fitilar waya ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara, amma iyayensu kowa ta kansa yake yi.

Ni ba sadaka nake roƙo ba, haƙƙina nake nema. In za a yanki kuɗina, a ajiye maganin 'yata a ɗakin magani, a buɗe shi dare da rana, domin ciwo ba ya jiran ƙarfe takwas. A hana jiran lambar izini a kan wanda ke tsakanin rai da mutuwa, a yi masa aiki tukuna, takarda ta biyo baya. A liƙa a bangon kowane asibiti nawa aka turo masa a wata da kuma magungunan da suka wajaba ya ba mu, mu gani da idonmu. In kuwa ba za a iya ba, a bar min albashina cikakke in san da abin da zan tunkari mai kemis.

An ce in kai rasit za a mayar min da abin da na kashe. Sau uku ina zuwa ofishin, ina barin ɗalibaina, ana cewa fayil yana kan teburin oga. Rasit ɗin suna nan cikin leda a ƙarƙashin katifa, tawadar wasu har ta fara gogewa. Shekaranjiya albashi ya shigo, an sake yanka. Maganin 'yata kuma saura ƙwaya shida a kwalba.