Birnin Rum na mai tafiya da ƙafa ne

Jama'a, akwai wata fahimta game da zuwa Turai da ta yi mana katutu, kuma a ganina tana cutar da mu. A wurin mutanenmu da yawa, in dai ba za ka sauka a babban otal ba, ka yi hayar mota, ka ciko akwatuna da tsaraba, to gara ma ka yi zamanka a gida. Wanda ya goya jaka ya je ya kwana a ɗakin haɗaka tare da baƙi, ya ci burodi da tumatir a gindin bishiya, sai a riƙa yi masa kallon wanda ya je ya zubar da girmansa. Araha ba ta ado, in ji su. To ni dai abin da na gani a birnin Rum na ƙasar Italiya shi ne, mai ƙaramin guzuri ya fi mai babban guzuri ganin gari, nesa ba kusa ba.

Rum an gina ta ne tun kafin a san mota, kuma har gobe tsakiyar garin ba ta yarda da mota ba. Lunguna ne matsattsu da aka shimfiɗe da ƙananan baƙaƙen duwatsu masu kusurwa huɗu, su ne mutanen garin ke kira sampietrini. Duk wanda ya taɓa jan akwati mai taya a kansu ya san dalilin da ya sa jakar goyo ta fi: tayar na ƙara, tana sartsewa tsakanin duwatsu, wani lokaci ma ta ɓalle gaba ɗaya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa layi uku ne kacal, A da B da C, domin duk inda aka haƙa sai an ci karo da ginin mutanen da, a dakatar da aiki a kira masana. Daga Colosseum, tsohon katafaren filin wasan Rumawa, zuwa dandalin fadar Fafaroma a Vatican bai kai tafiyar awa guda ba, kuma a wannan ɗan tsakanin ne mafi yawan abin da ya sa duniya ta san garin yake. Wanda ya shiga tasi ya rufe gilashi, ya biya kuɗi ne don a ɓoye masa abin da ya zo gani.

Ruwan sha kyauta ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai lissafin yuro da naira ko sefa. A kan tituna akwai famfuna na baƙin ƙarfe, tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba, da lanƙwasasshen baki, ruwa na zuba dare da rana. Nasoni ake ce musu, tun 1874 aka fara kafa su, yanzu sun haura 2,000 a faɗin birnin. A saman lanƙwasar akwai wani ɗan rami. In ka toshe bakin famfon da yatsa, sai ruwan ya yi tsartuwa ta wannan ramin zuwa sama, ka sunkuya ka sha ba tare da kofi ba. Na tsaya ina kallon wani dattijo cikin kwat da jakar ofis ya yi haka, ya goge baki ya wuce, bayansa wata yarinya ta tara wa karenta a ƙasa. Ruwan sanyi ƙalau ko da rana ta take. Gora ɗaya ta ishe ka duk zamanka. Garin nan ya daɗe da sanin darajar ruwa: magudanar da ke ciyar da shahararren maɓulɓular Trevi asalinta tun shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka gina ta, kuma har yau tana aiki.

Abinci ne inda baƙo ya fi yin asara. Duk gidan abincin da ke fuskantar wani sanannen gini, da ma'aikaci a bakin ƙofa yana yi maka kirari da hotunan abinci a allo, ka wuce kawai. Shiga lungu biyu ko uku, za ka tarar da inda 'yan gari ke ci. Akwai fiza da ake toyawa a dogon faranti, ka nuna da hannu iya girman da kake so, a yanka da almakashi, a ɗora a sikeli, ka biya daidai nauyinta. Gahawa kuma farashi biyu gare ta a shago ɗaya: in ka sha a tsaye a gaban kanta yuro ɗaya da 'yan canji ne, in ka zauna a tebur a wurin da baƙi ke taruwa sai ta ninka. Sai dai ga Musulmi akwai lura. Uku daga cikin shahararrun taliyar garin, carbonara da amatriciana da gricia, duk da naman kumatun alade ake yin su. Cacio e pepe ce ta cuku da masoro kawai. Wasu burodin ma akan sa musu kitsen alade, don haka tambaya ba ta zama ƙauyanci ba, ka koyi cewa "senza maiale", wato ban da alade. Wanda ya sauka a masauki mai kicin kuwa ya huta. Kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini akwai kasuwar Esquilino, a gefen dandalin Vittorio, inda mahauta ke sayar da naman halal, ga shinkafa, ga doya, ga kuɓewa da barkono. Cefanen da zai ishe ka kwana biyu bai kai kuɗin faranti ɗaya a gaban tsohon haikalin Rumawa na Pantheon ba.

Game da wuraren kallo, ban ce kada a biya ko sisi ba. Colosseum ta cancanci kuɗinta. An buɗe ta a shekara ta 80 miladiyya zamanin sarki Titus, kuma tikitin yuro 18 ya haɗa har da kangon tsohuwar kasuwa da fadar Rumawa da ke gefenta, wato Forum da tudun Palatino. A saya ta intanet daga shafin hukumar wurin tun da wuri, a rabu da masu tare mutum a hanya suna cewa za su tsallakar da shi layi. Pantheon ma da kyauta ake shiga, sai a watan Yulin 2023 aka sa yuro 5, kuma ko ninki biyu ne zan biya: rufin ƙubba ne na kankare mai faɗin mita 43, babu rodi ko ɗaya a cikinsa, yana tsaye tun wajen shekara ta 125, da buɗaɗɗen rami a tsakiya inda rana da ruwan sama ke shigowa. Ranar Lahadin farko ta kowane wata gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne, na Vatican kuma Lahadin ƙarshe, amma layin ranar sai mai haƙuri. Shiga babbar majami'ar Saint Peter kyauta ne muddin kafaɗa da gwiwa a rufe suke. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga coci ba, ba zan ja da shi ba, abin da ke waje ma ya ishe shi. Ka hau tudun Campidoglio ka zagaya ta baya da yamma, ga Forum nan gaba ɗaya a ƙarƙashinka ba tare da tikiti ba. Ka hau tudun Gianicolo kafin azahar, ƙarfe 12 daidai sojoji ke harba igwa kullum, ga birnin a shimfiɗe har duwatsun da ke bayansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Afirka ke warwatse a titunan garin nan, kuma mai sauri ba zai taɓa lura ba. Dogayen ginshiƙan dutsen da ke tsakiyar dandali da yawa, takwas daga cikinsu daga Masar aka kwaso su. Wanda ke gaban majami'ar Laterano ya fi mita 30, an sassaƙa shi a Karnak kimanin shekara 3,400 da suka wuce, da rubutun Fir'aunoni a jikinsa har yanzu. A cikin Forum akwai babbar ƙofar nasara ta sarki Septimius Severus, wanda aka haifa a Leptis Magna, a Libiya ta yau. Kusa da filin sukuwar Circo Massimo akwai wurin da ginshiƙin Aksum ya tsaya bayan sojojin Mussolini sun ɗauko shi daga Habasha a 1937. Sai a 2005 aka mayar da shi gida, gunduwa uku, a jirgin sama.

Sannan ga ganuwar Castel Sant'Angelo a bakin kogin Tiber. A nan aka tsare Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Garnaɗa da ya tashi a Fas. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka miƙa shi ga Fafaroma Leo na 10. A wannan birnin ya kammala bayaninsa kan Afirka a 1526, kuma a ciki ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Shekaru aru-aru, yawancin abin da Turawa suka sani game da ƙasar Hausa daga alƙalamin wannan fursunan ya fito. Bahaushe ya tsaya a kan gadar da ke gaban ganuwar nan ya san cewa shekara 500 da suka wuce an rubuta sunan garinsu a nan kusa, wallahi wannan ya fi duk wata tsarabar turare. Kuma tsayuwa a kan gadar ba a biyan ko kwabo.

Ranar Juma'a a je babban masallacin Rum. An buɗe shi a 1995, yana cikin mafi girma a Turai, Sarki Faisal na Saudiyya ne ya assasa aikin da dukiyarsa. Yana arewacin gari, daga tashar Flaminio ake hawa ƙaramin jirgi a sauka a Campi Sportivi. Ginshiƙan cikinsa farare ne, suna rarrabuwa a sama su sarƙe da juna, haske na shigowa ta tsakaninsu. Bayan sallah 'yan Maroko da Masar da Bangladesh da Senegal kan baje abinci a waje, mai zafi kuma mai sauƙin kuɗi.

Amma 'yan uwa, kada in yi muku daɗin baki. Arahar da ɗan Jamus ko ɗan Faransa ke magana a kai ba irin tamu ba ce. Shi zai tashi da safe ya hau jirgi mai rahusa da katin ɗan ƙasa a aljihu. Mu kuwa kafin mu taka filin jirgi mun biya yuro 90 na bizar Schengen, wato bizar shiga Italiya da galibin ƙasashen Turai, haka kuɗin yake tun watan Yunin 2024, kuma in an hana ka ba a mayarwa. Ga inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar yuro 30,000, ga takardar banki, ga shaidar masauki, ga tikitin dawowa. Kuɗin jirgi daga Abuja ko Yamai shi kaɗai ya fi duk abin da za ka kashe a cikin garin. Wannan ne ma ya sa nake ganin tsimi ya fi zama wajibi a kanmu: wanda ya sha wannan wahalar ya samu shiga, bai kamata kuɗinsa ya ƙare a ɗakin otal da ba ya yin komai a ciki sai barci ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Bature da jakar goyo ɗan yawon buɗe ido ne a idon kowa. Baƙar fata da jakar goyo a kusa da Termini, wasu kallon wanda ya tsallako teku daga Libiya suke yi masa. Za ka ga 'yan uwanmu 'yan Afirka kwance a kan kwali a gefen tashar, waɗanda suka bi ta Agadas da hamada da kwale-kwale, kuma ganinsu na karya zuciya. Ka yi musu sallama, mutane ne. Kai kuma ka riƙe fasfonka a jikinka, domin dokar Italiya ta ba ɗan sanda damar tambayar baƙo takardunsa, ka ajiye hotonsa a waya da kwafi a masauki. Kuma don Allah wanda ya shiga da bizar ziyara ya fito kafin ta ƙare. Duk wanda ya maƙale, ya ƙara wa na bayansa wahalar samu.

Tsimi ma yana da inda bai kamata ya kai ba. Tikitin bas na yuro ɗaya da rabi yana aiki minti 100, amma sai ka soka shi a na'urar da ke cikin motar ta buga masa lokaci. In masu bincike suka same ka da tikitin da ba a buga ba, tarar ta haura yuro 50, kuma "ni baƙo ne" ba ta ceto. A bas mai lamba 64, wadda ke tashi daga Termini zuwa wajen Vatican, 'yan sane sun yi suna, jaka ta dawo gaba, waya ta bar aljihun baya. Wajen zaɓen ɗakin haɗaka kada a bi mafi araha ido rufe: a karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta, a tabbatar akwai akwatin ajiya mai kullewa, a tafi da kwaɗo. Hajiyoyi da 'yan mata, yawancin waɗannan masaukai suna da ɗakin mata zalla, shi za ku nema tun wajen yin rajista. A kuma sani akwai harajin kwana da birnin ke karɓa a kan kowane baƙo kowane dare, sau da yawa ba ya cikin farashin da aka gani a intanet.

Wanda ke da zaɓi ya kauce wa Yuli da Agusta: zafi, cunkoso, tsadar gado, ga shaguna da yawa na rufewa wajen 15 ga Agusta saboda hutun Ferragosto. Nuwamba ko Fabrairu sun fi sauƙi, rigar sanyi mai kauri da lema sun wadatar. In an samu rana guda ta rara, daga tashar Porta San Paolo tikitin bas ɗin nan dai shi zai kai mutum a jirgin ƙasa zuwa Ostia Antica, tsohuwar tashar jiragen ruwan Rumawa, inda har yanzu ake ganin gidajen burodi da duwatsun niƙansu, da shaguna, da gidajen haya masu bene, kuma babu turmutsutsun da ke cikin gari. A tafi da abinci da gorar ruwa, a sa takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi.