Ba kowane tsohon soja ne ya je Bama ba

A nan Gadarif ta ƙasar Sudan, da an ce kakan wane ya yi yaƙin Hitila, sai ka ji "ai Bama ya je". Abin yana damuna. Gaskiya ne Hausawa sun je ƙasar Bama (Burma), amma daga Najeriya aka kwashe su, cikin runduna ta 81 da ta 82 na sojan Birtaniya. Sojan Sudan kuwa da Italiyawa ya kara: Italiyawan sun kama garin Kasala na Sudan a Yulin 1940, aka ƙwato ta a Janairun 1941, aka bi su har Iritiriya. Can marigayi maƙwabcinmu ya samo tabon ƙafarsa. Da ya dawo ya yi aure, ya kama noman dawa. Jikokinsa har yau Bama suke cewa, alhali tsohon ko teku bai taɓa hayewa ba.