Dodon tekun da ke ɗauke da sunan Goronyo

Daren jiya zafin Garwa ya hana kowa shiga ɗaki, muka baje tabarma a tsakar gida ni da Goggo da ɗan ƙanwata muna kallon shirin dabbobin teku na zamanin da a wayata. Da Faransanci ake bayani, ina juya wa Goggo da Hausa gwargwadon iyawata. Aka nuno wani ƙato mai baki irin na kada, ƙafafu kamar filafilin kwalekwale, ya taso daga ƙasan ruwa ya yi wa abincinsa loma ɗaya. Goggo ta gutsiri goro ta ce, "Kai dai ɗan nan da neman abin cinye caji. Zanen kwamfuta ne fa."

Ban yi mata musu ba, don rabin maganarta gaskiya ce. Launin fata, kuka, yadda suke faɗa, yawancinsa kirdado ne. Wani lokaci ma har da ƙarin gishiri. Wani shirin BBC na 1999 ya nuna wata dabba da ake kira Liyofilurodon da tsawon mita 25, alhali ƙasusuwan da aka tono ba su kai ta ko mita 10 ba. Yaran da suka taso da wannan shirin har gobe da wancan tsawon suke rantsuwa.

Amma ƙashin kansa ba zane ba ne. Wata yarinya 'yar talakawa a Ingila, Mary Anning, ita da yayanta suka tono kwarangwal ɗin iktiyoso, wata dabbar teku mai siffar kifi, a gaɓar tekun garinsu wajajen 1811, tun babu mai mafarkin kwamfuta. A Jamus an samu wasu da 'ya'ya a cikinsu sun zama dutse tare, da haka aka gane haihuwa suke yi a ruwa, ba sa hawa tudu su saka ƙwai kamar kunkuru. Kuma ba kifaye ba ne, ba dinoso ba ne, wato ƙattin dabbobin tudu na wancan zamani. Iska suke shaƙa. Mosaso ma, wani dodon teku da ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, dangin guza da damo ne, sai dai shi ruwa ya koma ya yi jiki.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Ka kalli shiri goma, daga Ingila sai Amurka, in an yi mana alfarma a leƙa Maroko. Sai yaro ya ɗauka waɗannan halittu na Turawa ne, kamar dusar ƙanƙara. Alhali teku ya taɓa ratsa Sahara ta Mali da Nijar, wani hannunsa kuma ya shigo ta kwarin Binuwai, kogin nan da muke tsallakawa a kan gada muna leƙen dorina. A ƙasar Sakkwato an tono wani mosaso, masana suka raɗa masa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo. Garin Hausawa, ina gaya maka! Ni sai da na yi furfura a gemu na san wannan, kuma ba a talabijin na ji ba.

Mu nan Kamaru muna da sawun dinoso kwance a dutse a yankin Mayo-Rey. Maƙwabtanmu na Cadi suna alfahari da ƙoƙon kan Tumai, wata tsohuwar halitta mai kama da ɗan Adam, da aka samo a hamadar Jurab a 2001, kowane ɗan makaranta a Njamena ya san sunan. To me ya hana Bahaushe sanin nasa?

Ba na jiran BBC ta zo. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa sun nuna mana cewa in dai abu ya shigo da harshen gida, har tsohuwa za ta zauna ta kalla. A ɗora wa irin waɗannan shirye-shiryen murya, a nemi malamin jami'a guda ya riƙa cewa "nan ƙashi ne ya faɗa, nan kuma kirdadon mai zane ne". Wannan bambancin shi nake so ɗan ƙanwata ya iya, fiye da haddace sunaye masu karya harshe.

Da na ambaci Goronyo, Goggo ta daina tauna. Ashe mahaifinta daga can wajen ya zo fatauci ya zauna a nan. Ta miƙo hannu ta ce, "Mayar da shi baya in ga bakin nan nasa da kyau." Caji saura kashi 4.