Ana yankar tikiti a ƙofa, ana barin jama'a da tsawa a kan tsauni

Duk shekara idan watan Yuni ya kama, dusar ƙanƙara ta narke daga hanyoyi, makarantu suka tafi dogon hutu, sai hukumomin da ke kula da gandun daji na ƙasa a yankunan tsaunuka na ƙasashen sanyi da ke arewacin duniya su buɗe ƙofofi, su shiga tallata wuraren da hotunan tafkuna da furanni da sararin sama garau. Abin da ba sa faɗa da ƙarfi shi ne, watannin nan uku da suke kiran jama'a su zo su ne watannin da yawan baƙi ke fin ƙarfin hanyoyi da makewayi da ma'aikata, kuma su ne watannin tsawa da ambaliya da gobarar daji. Wanda ya kafa ƙofa, ya karɓi kuɗin mutum, ya miƙa masa tikiti, ya ɗauki nauyin ba shi ruwa da wurin kewayawa da gargaɗi na gaskiya da hanyar tsira idan abu ya ɓaci. A wurare da yawa ana karɓar kuɗin, ana yi wa nauyin riƙon sakainar kashi, kuma wannan abin takaici ne da bai kamata a ci gaba da yin shiru a kansa ba.

A wani babban gandu da na ziyarta a tsakiyar watan Yuli, jerin motocin da ke jiran shiga ya miƙe har ya ɓace a bayan kwana, mai sayar da tikiti yana ta karɓar kuɗi yana ɗaga shinge, alhali tun da hantsi wuraren ajiye motoci na can sama sun cika maƙil. Ba na ganin laifinsa sosai, domin babu wanda ya umarce shi ya dakata, amma akwai wani a ofis da ya san yawan motocin da filin sama ke ɗauka, ya san yawan tikitin da aka yanka, kuma bai ga dalilin haɗa lissafin biyu ba. Direbobi suka yi ta zagaye suna neman inda za su raɓa, da suka gaji suka hau kan ciyawar gefen titi, hanya mai hannu biyu ta koma hannu ɗaya, ta yadda ko motar asibiti ce ta taso ba ta da wurin wucewa. Famfon ruwan sha da ke bakin hanyar hawa a ƙafe yake, an liƙa masa takardar ban haƙuri wadda rana ta riga ta koɗar da rubutunta, alamar ya daɗe da lalacewa. Makewayi kuwa ba ya shiguwa, har mutane, ciki har da mata da tsofaffi, suka koma tsugunawa a bayan duwatsu, tazara kaɗan daga ƙoramar da masu hawa ke cika gorunansu a cikinta. Wulaƙanci ne ga wanda ya biya kuɗinsa, kuma gurɓata ruwa ne kai tsaye, domin a can sama ƙasa ba ta da kauri, sanyi kuma ba ya barin ƙazanta ta ruɓe da wuri.

Duk da haka, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne iyalai da ƙananan yara, wasu da silifa a ƙafa da riga mai gajeren hannu, suna fara hawa bayan ƙarfe ɗaya na rana, hadari na haɗuwa a kan ƙololuwa, kuma babu jami'i ko ɗaya a bakin hanyar da zai ce musu su dakata. Zafin bazara a gindin tsauni yana ruɗar baƙo. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka wanda ya bar kwari mai tsayin mita 1,000 cikin zafin digiri 30 zai tarar da kimanin digiri 14 a mita 3,500, tun kafin a yi maganar iska, kuma idan ruwa ya jiƙa shi a wannan yanayi sanyi na iya kayar da shi a tsakiyar watan Yuli. Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon kai da jiri da amai na fara kama waɗanda jikinsu bai saba ba, domin a mita 3,000 iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Ita kuwa tsawa tana da lokacinta sananne: rana ta ɗumama gangaren dutse da safe, iska mai ɗumi da danshi ta yi sama, gajimare ya taru da tsakar rana, kafin la'asar a fara walƙiya da ƙanƙara. Kowane ma'aikacin gandu ya san wannan tun makonsa na farko a bakin aiki. Mutumin da ya taso daga birni da 'ya'yansa bai sani ba, kuma babu inda zai sani idan ba a gaya masa ba.

Ba tsoratarwa nake yi ba, domin an riga an rasa rayuka. A gandun Tsaunukan Roki da ke jihar Kolorado ta Amurka, tsawa ta kashe mutum biyu a kwana biyu a jere cikin watan Yulin 2014, dukansu a kusa da babbar hanyar mota da ke hawa sama da mita 3,700. A ranar 22 ga Agustan 2019, a gandun Tatra na ƙasar Poland, aradu ta faɗa kan ƙololuwar Giewont, inda akwai dogon gicciye na ƙarfe da sarƙoƙin da masu hawa ke riƙewa, ta kashe mutum huɗu, biyu daga cikinsu yara, ta jikkata sama da ɗari. Yawan waɗanda suka jikkata ya nuna irin cincirindon da ke kan dutsen a daidai lokacin da hadari ya iso, kuma inda hanya ke da ƙunci, mutane na bin juna ɗaya bayan ɗaya, babu yadda ɗaruruwa za su sauka cikin 'yan mintoci. Duk mai riƙe da wani gandun tsauni a duniya ya ji labarin waɗannan ranaku. Idan bayan haka har yanzu allon sanarwarsa na ɗauke da hasashen yanayi na kwanakin baya, kuma bakin hanyarsa babu kowa da rana tsaka, to ba shi da uzuri.

Da zarar tsautsayi ya auku, sai a fitar da sanarwa cewa mutane su riƙa kula, su duba yanayi, su sa takalmin da ya dace, wato ihu bayan hari. Gaskiya ne akwai masu taurin kai da ke tsallake igiya don ɗaukar hoto, kuma babu hukumar da za ta iya tsare kowa daga gangancinsa. Amma yawancin waɗanda ake ɗaukowa da jirgi mai saukar ungulu ba 'yan ganganci ba ne, mutane ne da suka ga hanya a buɗe, suka ga ɗaruruwa na binta, suka ɗauka buɗewar na nufin babu matsala. Direban da ya loda fasinja fiye da kujerun motarsa ba zai ɗora wa fasinjan laifi ba idan birki ya shanye a gangare. Kuma kada a manta da masu aikin ceto, waɗanda a ƙasashe da dama 'yan sa kai ne, da ake tura su cikin ruwa da walƙiya su gyara abin da jami'i ɗaya a bakin hanya zai iya hanawa da magana.

Shi kansa dajin da aka keɓe domin a kare shi yana ɗanɗana kuɗarsa. Tsirran da ke sama da iyakar itatuwa, wato can saman dutse inda itatuwa ba sa iya tsirowa, ƙanana ne, makonni kaɗan suke samu su yi girma a shekara, kuma wurin da tayar mota ko sawun jama'a ya murƙushe yana iya ɗaukar shekaru gommai, wani lokaci ɗaruruwa, kafin ya farfaɗo. Idan hanyar ƙafa ta cika, mutane na ratsewa gefe, turba ɗaya ta zama uku, ruwan sama ya bi su ya yi zaizaya. Kwandon shara da ba a kwashe ba yana jawo namun daji, dabbar da ta saba da abincin mutane ta fara tunkarar su, ƙarshenta a harbe ta.

Akwai kuma tambayar da na tabbata shugabannin gandu da yawa ba sa son a yi musu: idan wuta ta tashi ko ruwa ya cinye gada, ta ina dubban nan da kuka shigar za su fita? A watan Yunin 2022 ruwan sama ya sauka a kan dusar ƙanƙara a gandun Yellowstone na Amurka, koguna suka tumbatsa suka yanke hanyar arewa, aka fitar da baƙi sama da 10,000, aka rufe dukkan ƙofofin gandun. A watan Yulin 2024 gobarar daji ta sa aka kwashe kimanin mutum 25,000 daga gandun Jasper na Kanada cikin dare, wutar kuma ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin. A wuraren nan biyu an samu an fitar da baƙi da ransu. Kwarin da ke da hanya ɗaya tak, wadda motoci suka toshe gefenta biyu saboda an sayar da tikiti ba lissafi, ba lallai ya yi wannan sa'a ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya sa ba na karɓar maganar cewa babu yadda za a yi shi ne, an yi a wasu wuraren kuma an gani. A 2024 hukumomin lardin Yamanashi na Japan sun kafa ƙofa a hanyar Yoshida ta hawa dutsen Fuji mai tsayin mita 3,776, suka ƙayyade mutum 4,000 a rana, suka sa kuɗin yen 2,000, suka kuma rufe ƙofar daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa uku na dare ga duk wanda bai kama ɗaki a bukkokin kan dutsen ba, domin hana masu hawa cikin dare ba hutu. A 2025 suka mayar da kuɗin yen 4,000, rufewar kuma ta dawo ƙarfe biyu na rana. A gandun Banff na Kanada, tun 2023 an hana motocin gida bin hanyar tafkin Moraine, sai dai a shiga motar bas. Gandun Tsaunukan Roki, wanda ya karɓi baƙi sama da miliyan huɗu da rabi a 2019, ya fara tsarin kama lokacin shiga tun daga gida a 2020. An yi gunaguni a kan waɗannan matakai, masu otal da 'yan kasuwa na tsoron raguwar ciniki, amma shugabancin da ke tsoron gunaguni fiye da yadda yake tsoron ɗauko gawa daga kan dutse bai cancanci riƙe mukullin ƙofa ba.

Maganar ƙarancin kuɗi gaskiya ce, ba na musanta ta. A Amurka kaɗai gyare-gyaren da aka yi ta ɗagawa a wuraren da hukumar gandun ƙasa ke kula da su sun haura dala biliyan 22, kuma laifin wannan na gwamnati ne da majalisa, waɗanda ke alfahari da yawan baƙi a jawabansu amma su tsuke hannu a ranar kasafi. Sai dai ƙarancin kuɗi hujja ce ta rage yawan masu shiga zuwa daidai abin da za a iya hidimtawa. Rubuta hasashen yanayi a allo kowace safiya, da sanar da mai ƙofa ta rediyo cewa fili ya cika, da gyara famfo kafin Yuni, babu ɗayansu da ke buƙatar biliyoyi. A ƙa'idar Amurka kashi 80 cikin 100 na kuɗin shiga yana zama a gandun da aka karɓe shi, kuma ko ma wace ƙasa ce, wanda ya biya yana da haƙƙin ganin lissafi a fili: nawa aka tara a bazarar bara, nawa ya tafi ga makewayi da ruwa, ma'aikatan wucin gadi nawa aka ɗauka, kuma a wane wata suka kama aiki.

Ƙayyade adadi ma sai an yi shi da adalci, domin idan aka zuba dukkan tikiti a intanet watanni kafin lokaci, ya ƙare cikin mintoci, to an mayar da dukiyar ƙasa ta masu waya mai sauri da masu hali, an bar dattijo da ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da gandun a waje. A ware wani kaso da za a sayar ana gobe, wani a ƙofa, a samar da bas mai araha daga gari mafi kusa. A kowace hanya da ke kaiwa sama da iyakar itatuwa kuma, daga Yuni zuwa Satumba, a tsayar da jami'i mai rediyo a hannu, mai hasashen yanayi na ranar, wanda doka ta ba shi ikon rufe hanyar idan lokaci ya ƙure ko hadari ya taso, kuma shugabansa ya tsaya masa idan wani mai kuɗi ko mai muƙami ya kai ƙararsa.