Tseren NASCAR: tara ba ta hana sayar da tsere

Tseren farko na babbar gasar tseren motoci ta NASCAR, wanda aka yi a garin Charlotte na Amurka ranar 19 ga Yunin 1949, da rigimar magudi ya ƙare. Glenn Dunaway ne ya riga kowa isowa, amma da masu duba motoci suka leƙa ƙarƙashin Ford ɗinsa sai suka tarar an taɓa sifirin ɗin baya, irin gyaran da masu fasa-ƙwaurin giya ke yi don mota ta ɗauki kaya ta kuma tsere wa 'yan sanda. Aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper. Mai motar ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba.

Gasa ce ta motoci masu siffar waɗanda ake sayarwa a kasuwa, kuma da yawa daga direbobinta na farko a safarar giyar suka koyi tuƙi. Junior Johnson, ɗaya daga cikin gwanayenta, har gidan yari ya yi a 1956. Shi ya sa masoya wasan suka tashi da ganin cewa zille wa doka wani ɓangare ne na gwaninta. Har gobe suna ba da labarin makaniki Smokey Yunick, wanda aka ce da doka ta ƙayyade girman tanki ba ta ce komai kan bututun mai ba, sai ya saka bututu mai kauri da tsawo, ya naɗe shi a cikin mota, ya riƙe ƙarin galan-galan na fetur.

Ina ganin wannan dabarar da sauƙi. Doka ta bar ƙofa a buɗe, mai basira ya shige, hukuma ta zo ta rufe. Haka ma abin da Ross Chastain ya yi a Martinsville a 2022, da ya jingina motarsa da katanga ya taka totur har ya wuce motoci biyar a kwanar ƙarshe. A idon kowa ya yi, ya saka kansa cikin haɗari, ba a hukunta shi ba, sai da shekara ta zagayo aka haramta.

Karya dokar da take a rubuce kuwa wani abu ne daban, kuma a nan hukumar ta daɗe tana sakaci. A Oktoban 1983 Richard Petty ya ci tserensa na 198 a Charlotte da injin da girman cikinsa ya kai inci kubik 381 da ɗoriya, alhali iyaka 358 ce, ga kuma tayoyin da aka saka a gefen da ba nasu ba. An ci shi tarar dala 35,000, an zabtare masa maki 104, amma nasarar tana nan a cikin 200 ɗin da ake lissafa masa. Hujjar da aka gada daga Bill France, wanda ya kafa gasar, ita ce ɗan kallo ya kamata ya bar fili yana sane da wanda ya ci. To wanda ya zo na biyu da mota mai tsabta fa? Shi ma yana da haƙƙi, kuma an danne shi shekara da shekaru. Sai a 2019 aka dawo da dokar ƙwace nasara, ta kuma yi aiki a Pocono a 2022, inda Denny Hamlin da Kyle Busch suka zo na ɗaya da na biyu, aka soke su duka saboda wani tef da aka liƙa a gaban motocinsu, Chase Elliott ya karɓi kofi. Rabon da a yi wa wanda ya ci babban tsere haka tun 1960.

Duk da haka, ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai ƙara girman inji yana cuta ne don ya ci. Wanda ya fi ɓata wasan shi ne direban da aka umarta ya ƙi yin tsere.

A Satumban 2013 a Richmond, saura zagaye bakwai, Ryan Newman na kan gaba, nasarar da za ta kai shi zagayen neman kambu ta fitar da Martin Truex Jr. Sai motar Clint Bowyer, abokin Truex a ƙungiyar Michael Waltrip Racing, ta juya ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta. Aka ɗaga tutar gargaɗi, lissafi ya birkice. Wani direban ƙungiyar, Brian Vickers, aka kira shi ta oba-oba ya shiga wurin gyara ba gaira ba dalili. Bowyer ya musanta cewa da gangan ya yi, amma maganganun oba-oba sun ishi hukuma hujja kan ƙungiyar. Aka ci ta dala 300,000, aka cire Truex, aka mayar da Newman. Kamfanin NAPA ya janye ɗaukar nauyinsa, kuma bayan kakar 2015 ƙungiyar ta rufe ƙofa. Hukuncin ya yi zafi don ya taɓa ainihin abin da aka yi cutar dominsa, wato gurbin.

A kwatanta da Martinsville a Nuwamban 2024. William Byron na Chevrolet yana riƙe da gurbin wasan ƙarshe da ƙyar, mota ɗaya ta wuce shi ya fita. Chastain da Austin Dillon, su ma a Chevrolet amma daga wasu ƙungiyoyi, suka jera a bayansa kafaɗa da kafaɗa, ba su wuce ba, ba su bar kowa ya wuce ba. A ɗaya ɓangaren Bubba Wallace na Toyota ya rage gudu a zagayen ƙarshe, Christopher Bell na Toyota, mai neman gurbin da Byron ke riƙe da shi, ya wuce shi. Wallace ya ce taya ce ta ba shi matsala. Hukuma ta ci tarar dala 600,000 gaba ɗaya, ta dakatar da mutum tara, babu direba ko ɗaya a cikinsu, Byron kuma ya tafi wasan ƙarshe. Ga kamfanin mota mai zuba miliyoyi a gasar, wannan tarar kuɗin cefane ce.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin fitar da gwani da NASCAR ta kawo a 2014, inda maki ɗaya a zagaye ɗaya ya riƙa yanke hukuncin wahalar shekara guda, shi ya mayar da taimakon ɗan uwa abu mai tsada haka. Wasu na cewa haɗin kai tsakanin motocin kamfani ɗaya dabara ce kamar kowace. Ban yarda ba. Mutumin da ya sayi tikiti ya zo ne ya ga motoci kusan arba'in kowace tana neman gaba, kuma tun 2018 da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni, sakamakon da aka shirya ta oba-oba ya zama zamba a kan kuɗin jama'a, ko da mutum bai yarda da cacar ba.

Abin da zai yi maganin wannan a bayyane yake. Direban da ya ɗaga ƙafa da gangan ya zauna a gida tsere na gaba. Gurbin da aka samu ta hanyar shiri a karɓe shi, kamar yadda aka yi wa Truex, ko da wanda ya amfana bai roƙa ba. Kamfanin motar da ya tsara abin kuma a rage masa maki da lokacin gwajin motoci, inda zai ji a jikinsa.